Maƙerin da Ya Saurari Motata da Haƙoransa

Shekarun baya, tun Birnin Kudu da Gwaram suna cikin jihar Kano, lokacin da arzikin man fetur ya sa kowa yake ganin shi ma ya isa hawa mota, na sayo tawa a Kwatano. Ƙarama ce, ƙafafun gaba ke janta, irin wadda ba a saba gani ba a wajenmu. Kafin nan na daɗe ina yawon aiki. Na zauna Kumasi, na zauna Yamai da Khartum, har Jamus na yi 'yan watanni. Ina jin Turanci da Faransanci da Larabci, kuma, Allah ya yafe mini, ina son a san ina ji.

A shekarar ce mahaifiyata ta sami kujerar Makka. Aka aiko cewa ranar Alhamis da hantsi za a kira sunayen 'yan jirginsu a sansanin alhazai na Kano, wanda bai amsa ba an wuce shi. Ita kuwa ciwon gwiwa ya hana ta hawa babbar mota, wadda ita ma sai ranar kasuwa take shigowa. Na aika gida na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ni zan zo in ɗauke ta.

Ranar Litinin na taso. Damina ta gama cinye hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, daga rami sai yashi. Tun a hanya nake jin ƙas-ƙas a ƙafar motar ta hagu duk sanda na karya kwana. Ina isa ƙofar gidanmu abin ya ce ɓaras. Inji yana kuka, mota ta ƙi motsi.

Washegari na ari babur na ɗauko wani bakanike daga Birnin Kudu. Ya leƙa ya ce shaf ne ya mutu, wato sandar ƙarfen da ke ɗauko juyi daga giyabos ta kai wa taya. Na yi murmushi, don wanda ya sayar mini da motar ya sa na sayi wani sabo na ajiye a but. Muka ɗaga mota da jak, muka tokare ta da turmi. Bakanike ya kwance taya, ya ja tsohon shaf, sai sandar ta biyo shi, amma kanta na ciki, mai kama da ƙaramin kofi, ya maƙale a bakin giyabos.

Nan muka yini. Ya sa liba ya banƙara, ya zuba baƙin mai, ya buga da guduma. Ni kuwa ina tsaye a kansa da littafin motar, ina karanta Faransanci da ƙarfi ina fassara masa. Littafin ya ce a yi amfani da wani ƙarfe na musamman, wanda na tabbata babu shi ko a Kano. Wajen la'asar ya ƙara danna liba, sai wani ɗan ɓalli ya ɓantare daga jikin giyabos. Ya fito yana goge zufa.

“Maigida, in na ƙara zan fasa shi. Sai dai a sauke giyabos ɗin gaba ɗaya a kai Kano. Kwana biyar, in an yi sa'a.”

Bakanike ya kwana a gidanmu. Ranar Laraba da safe mahaifiyata ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure, akwatinta a ɗaure a gefenta. Da yake ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana.

“Kai wannan, a kira maƙerin bayan masallaci mana.”

“Inna, wannan fa ba fartanya ba ce.”

“Na sani,” in ji ta. “Fartanya ai ba ta kwana biyu a ƙofar gida ana yi mata karatu.”

Na je na kira shi. Tsoho ne, abokin mahaifina marigayi, ƙarar ƙira ta shekara da shekaru ta kashe masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji. Ya zo da walkinsa na fata a ɗaure.

“A'a, Bature, an dawo? Ina dokin naka da ya gurgunce?”

Bai fara shiga ƙarƙashin motar ba. Sabon shaf ya ce a miƙo masa. Ya jujjuya shi, ya tsaya a kan wani siririn zobe da ke kusa da ƙarshensa, yana taɓa shi da babban yatsa. Zoben yana lilo a cikin gurbinsa.

“Ga ɓarawon nan,” ya ce da bakanike. “Irinsa ne a ciki. In ya zauna a karkace, ko raƙumi ka ɗaura ba zai fito ba. Kai kuma ta gefe guda kake banƙara, kana ƙara karkata shi.”

Sannan ya kwanta, ya auna tsakanin kan shaf da jikin giyabos da tsinken kara, ya karya tsinken daidai awon, ya tashi ya nufi maƙera. Na bi shi. Daga guntun sifirin na babbar mota ya ƙera 'yan ƙarafa biyu masu siririn baki da kaurin gindi, kamar ruwan gatari, yana gwada su da tsinken nan har suka zama tagwaye. Sau ɗaya ya ce in matsa, ina tare masa haske.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau nake gani in na rufe ido. Ya koma ƙarƙashin motar da wata doguwar ƙusa, ya ciji kanta da haƙoransa, ya ɗora tsininta a jikin giyabos. Yana juya kan shaf ɗin kaɗan kaɗan da hannu, yana ɗan ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma, idonsa a rufe. Na sunkuya na yi ihu:

“Baba, me kake yi?”

Ya zare ƙusar. “Saurare nake. Kunne ya tafi, amma haƙori yana ji. Yi mini shiru.”

Na yi shiru. Mutanen da suka taru ma suka yi tsit. Ya juya, ya ƙwanƙwasa, ya juya, ya ƙwanƙwasa. Can sai ya tsaya cak, ya tofar da ƙusar.

“Zoben ya zauna daidai.”

Ya soka ƙarafan nan biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya sa guntun fata a bayan kowanne don kada su ci jikin giyabos. Ya riƙe guduma a kowane hannu, yana kwance rigingine. Ya yi bismillah, ya buga su tare, sau ɗaya, ba ma da ƙarfi ba. Sai ji muka yi ƙwal. Kan shaf ya faɗo masa a ƙirji, mai ya biyo baya ya wanke masa gemu.

Bakanike ya dafe kai yana salati. Ni kuwa na tsaya baki buɗe. Na shiga manyan gareji a Jamus, inda ake ɗaga mota sama mutum ya yi tafiya a ƙarƙashinta. Na ga makanikan Kumasi da ke haɗa mota ɗaya daga gawar uku. Amma ban taɓa ganin wanda ya gane cikin abin da bai taɓa gani ba, ta hanyar duba sabon ɗan'uwansa da ke hannunsa, ya kuma ji zaman zobe ta haƙori.

Ya fito yana share gemu, ya wuce ni, ya durƙusa gaban mahaifiyata.

“Hajiya, in kin ga Ɗakin Allah, a tuna da ni.”

“Tun ban je ba ka ba ni sunan?”

“Ai kin je,” in ji shi.

Kafin azahar bakanike ya ɗaura sabon shaf. Muka kwana Birnin Kudu, muka yi sammako, muka shiga sansani ana gyara lasifika. Da aka kira sunanta, da kanta ta amsa, da wata murya da ban san tana da ita ba.

Na daɗe ina tunanin ranar nan. Ba karatuna ne ya zama banza ba, littafin gaskiya ya faɗa. Amma ni ina ganin abin da babu, shi ya tsaya yana duban abin da ke akwai. Tun daga lokacin, in na tarar da mai sana'a yana aiki, ko a wace ƙasa ce, nakan rage surutu in matsa gefe. Abin da ke damuna kawai shi ne ban koma na zauna a maƙerarsa na yi masa tambayoyi ba. Kullum ina cewa sai na sami hutu, har aka aiko mini ya rasu.

Da mahaifiyata ta dawo, ta gaya mini cewa tana ɗaga ido ta ga Ka'aba, maƙerin nan ta fara yi wa addu'a.

Na ce, “Inna, ni fa?”

Ta dube ni ta ce, “Kai ma na yi maka daga baya. Ai tuƙi kawai ka yi.”