Waƙar da Ba a Ƙirga Ba

Shagon ɗinkina da rumfar Injiniya bangon falanki ne kawai ya raba su, shi ya sa duk abin da ya shiga kunnensa sai ya biyo ta nawa. Ba injiniyan komai ba ne. 'Yan kasuwa ne suka laƙaba masa sunan saboda tsohuwar kwamfutarsa da ba ta tashi sai ya mare ta a gefe. Sana'arsa tura waƙoƙi: ka kawo waya ko memori, ka faɗi abin da kake so, ya zuba maka. Abin da yake taƙama da shi a duniya guda ɗaya ne, wato bai taɓa ce wa mai saye "babu" ba. Ko waƙar da kakarka ta yi rawa da ita ka rera masa baiti ɗaya, zai runtse ido, ya ɗaga yatsa, ya tono maka ita.

Na sha yin faɗa da shi kan sifikarsa. In ce, "Injiniya, don Allah rage, kaina zai tsage." Ya ce, "Tela, kekenka ma ai kiɗa yake yi, bambancin dai naka ba daɗi." Haka muka tsufa tare, ina ƙorafi yana dariya.

Yana da ƙane da ake kira Siriri, don tun yana ƙarami iska mai ƙarfi kan iya gaba da shi. Mahaifinsu ya rasu Siriri bai yi wayo ba, Injiniya ne ya zama uba. A ƙarƙashin teburin rumfar nan Siriri ya girma, cikin wayoyin caja da ƙura, kuma a bakin sifikar nan ya koyi waƙa. Da ya zama saurayi, muryarsa ta fito, irin wadda ke sa mai wucewa ya rage tafiya. Injiniya ya sayar da babur ɗinsa ya tura shi babban birni wurin masu situdiyo. Matarsa ta yi ta mita, ya ce mata, "Ƙafa ai ba ta ƙare ba." Daga nan kullum a ƙasa yake zuwa kasuwa.

Bayan wahalar da ba sai na faɗa ba, wani kamfani ya yarda ya fitar wa Siriri waƙa ɗaya, amma da sharaɗi. Akwai jadawalin da ake fitarwa duk mako na waƙoƙin da aka fi saurare. Idan waƙar ta shiga cikinsa a makonta na farko, za su ɗauke shi su yi masa kundin waƙoƙi guda. Idan ba ta shiga ba, kowa ya kama gabansa.

Ranar da ta fito, Siriri ya aiko da saƙon murya, ina ji ta bango. "Yaya, ga linkin nan. Mako ɗaya kawai muke da shi. A taimaka kowa ya saurara, Yaya, kowa da kowa."

Injiniya ya kunna saƙon ya fi a ƙirga, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya yi abin da hannunsa ya saba yi tun kafin a haifi rabin 'yan kasuwar nan. Ya bi linkin, ya ciro waƙar, ya ajiye ta a kwamfuta, ya fara zubawa. Duk wayar da ta shigo rumfar, ko caji aka kawo ta, sai ta fita da waƙar Siriri, kuma bai karɓi ko sisi ba. Ya tura wa abokan sana'arsa na sauran kasuwanni, su ma suka zuba. Ya bi direbobi a tasha yana sa musu a memori. Ni kaina, da wayata mai madanni, sai da ya ƙwace ta ya saka mini.

Kafin a ce me, gari ya ɗauka. Mai nama na rerawa, masu gyaran gashi na kunnawa, motar haya ba ta wucewa sai ka ji amshin na fita ta taga. Gaskiya waƙar ta yi daɗi, ni da ba na son hayaniya ma na kama kaina ina taka keke daidai da kiɗan. Injiniya kuwa sai ka ce shi aka naɗa wa sarauta. Ya leƙo shagona ya ce, "Tela, ka ji? Wallahi ko jadawali goma ne mun cika su."

Makon ya kusa ƙarewa Siriri ya zo gari, fuskarsa a yamutse, don lambobin da kamfani ke nuna masa ba sa motsi. Da ya shigo kasuwa ya ji muryarsa ta kowace kusurwa, sai ya saki fuska, har ya rungume yayansa. Yana tsaye a wurin wata mata ta miƙo waya ta ce a sa mata waƙar ƙanen nan nasa. Injiniya ya jona waya, ya ja, ya zuba, ya miƙa mata yana murmushi.

Siriri ya ce, "Yaya, me ka yi yanzu?"

"Na sa mata mana. Kowa na sa wa. Ba ka ce kowa ya saurara ba?"

Siriri ya nemi benci ya zauna. Na dakatar da kekena don in ji. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana, kamar mai yi wa majinyaci bayani. Ya ce masu jadawali ba sa jin kasuwa, ba sa jin mota. Abin da suke ƙirgawa shi ne mutum ya shiga manhajar waƙa da datarsa, da asusunsa, ya kunna waƙar a can, ya bar ta ta yi aƙalla rabin minti da sauti a buɗe. Wadda aka zuba a memori kuwa, ko sau dubu aka ji ta, a wurinsu ba wanda ya ji.

Injiniya ya ce, "Duk wannan da gari ke yi?"

"Ko ɗaya, Yaya."

"To ai sai su zo su ji da kunnensu."

Siriri ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na ga hannun Injiniya na lalubar gefen tebur. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Injiniya bai zauna ba. Ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya shiga bin mutane layi-layi yana roƙo su goge wadda ya sa musu, su shiga manhaja su saurara. Mutane kuwa ka san su. Mai nama ya ce, "Haba Injiniya, ga ta a wayata kyauta, sai in je in ƙona data a kanta?" Wasu suka ce to, yana juya baya suka manta. Wasu ba su ma san mece ce manhajar ba, don shi ne manhajarsu tun fil azal. Shi ya koya wa garin nan cewa waƙa a rumfarsa take, yanzu kuma ya zo yana cewa ba haka ba.

Da roƙo ya ƙi ci, ya kwaso tsofaffin wayoyin da ke akwatinsa, ya jera su a tebur, ya sa kowace tana maimaita waƙar ba tsayawa. Saboda ni, mai yawan ƙorafi, ya kashe musu sauti. Da safe Siriri ya gani ya girgiza kai. Ya ce waƙar da ake juyawa ita kaɗai ba hutu, kuma sauti a kashe, na'urar masu jadawali na ɗauka inji ne ke yi, sai ta zubar. Ya ce a saurare ta kamar yadda mutum ke saurare: a ji ta har ƙarshe, a sa wata, sannan a dawo. Injiniya ya ce, "To, na gane." Ya gane ɗin, amma lokaci ya riga ya tafi.

Jadawali ya fito, sunan Siriri ba ya ciki. Kamfanin ba su yi masa wulaƙanci ba, sun dai ce lambobi ba su nuna yana da masu saurare ba. A ranar, yara na bin sa a titi suna rera amshin waƙarsa.

Bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba, kuma ina ganin da ya yi da ya fi wa Injiniya sauƙi. Ya ce, "Ba komai, Yaya, haka Allah ya so," ya tattara kayansa daga birni ya dawo. Yanzu yana aiki a shagon wani mai kayan gini a ƙarshen layinmu, yana rubuta rasit. Idan ya zo wucewa yana gaishe mu da ladabi, amma ba ya tsayawa, kuma ban sake jin yana ko gunguni da waƙa ba. Wani lokaci waya kan yi ƙara a aljihun mai saye, muryarsa ta fito, sai ya ci gaba da rubutunsa kamar bai san mai ita ba.

Injiniya ya tsufa a ɗan tsakanin nan. Sifikar da na yi shekaru ina yaƙi da ita ta yi sanyi, har ni nake cewa ya ƙara. Kullum da safe, kafin ya share rumfa, yakan shiga manhajar da datarsa, ya kunna waƙar, ya buɗe sauti, ya tsaya har ta ƙare, ya sa wata, sannan ya dawo mata, daidai yadda aka koya masa. Na taɓa ce masa, "Maƙwabci, makon nan fa ya wuce tuntuni." Ya ce, "Na sani, Tela. Amma wannan ai suna ƙirgawa."

Jiya wani direba ya tsaya, baƙo ne, ya miƙa memori ya ce a sa masa waƙar nan da ake ji ko'ina, ya ma rera amshin. Injiniya bai runtse ido ba, bai ɗaga yatsa ba. Ya daɗe yana kallon memorin a tafin hannunsa, sannan ya mayar masa.

Ya ce, "Babu."