Kashe-Kunna da Teburin Gwaggo

A ofishin nan na masu zanen gidaje babu mai kiranta da sunanta na yanka. Kashe-Kunna ake ce mata, don duk wanda ya kawo mata kukan kwamfuta, kafin ya rufe baki za ta ce, "An kashe an kunna tukuna?" Shekararta tara a wurin. 'Yar mai gyaran rediyo ce, kuma doka ɗaya ta taso da ita daga shagon ubanta: ba a canza abu biyu a lokaci guda. Ga ta da son aikin kamar me. In na'ura ta yi gardama, har abincin rana mantawa take yi don murna.

Wannan karon dai ba wasa ba ne. Laftof ɗin Gwaggo ce, tsohuwar sakatariyar da ta girmi kowa a ofishin. Da zarar an jona ta da dok, ɗan baƙin akwatin nan da ke haɗa laftof da babban allo da firinta da intanet, sai intanet ta yanke, allo ya yi ta ƙifce-ƙifce, can komai ya mutu da rabin wasiƙa a ciki. Sau biyu ana canza mata laftof. Manaja ya ce na'ura lafiyarta ƙalau, tsufa ne ya zo, ranar Juma'a Gwaggo za ta ajiye aiki.

Maganar ta ƙona wa Kashe-Kunna rai. Ranar Alhamis da safe ta ja kujera ta tare a teburin.

"Ki bar wahalar da kanki, 'yata," in ji Gwaggo, tana zuba kayan durowarta a kwali. "Wataƙila ni ce."

"Gwaggo, ki ba ni zuwa azahar."

Ta cire laftof daga dok, sai ga laftof tana aiki sumul. Ta mayar da ita, ta canza wayar haɗin, laftof ta mutu. Ta sabunta manhajar dok, ta sake mutuwa. Ta ɗauki laftof da dok ɗin zuwa nata teburin, ta jona dok ɗin da tata cajar, awa guda ko gezau. Nan gabanta ya fara bugawa don daɗi. Ta dawo da sauri, ta durƙusa ƙarƙashin teburin Gwaggo, ƙura har gira, ta jawo cajar da ke ba dok ɗin wuta a can.

Ashe 'yar ƙarama ce, ta laftof zalla. Ina za ta iya ciyar da allo da laftof da sauran tarkace? Kashe-Kunna ta fito tana dariya ita kaɗai kamar wadda ta tsinci zobe, ta bi ofis-ofis tana leƙen ƙasan tebura. A ɗakin manaja ta ga babbar cajar dok ɗin, wayarta a miƙe har doguwar kujerar da yake kishingiɗa.

Ta gayyato shi cikin ladabi, ta jona babbar cajar da dok ɗin Gwaggo a gabansa. Allo ya kawo, firinta ta tofo wasiƙa, minti ashirin babu abin da ya mutu.

Manaja ya gyara murya. "To wane ne ya musanya?"

Kashe-Kunna ta buɗe baki, Gwaggo ta riga ta, hankali kwance.

"Ai kai ne, ranka ya daɗe. Wata uku ke nan, ka ce taka ba ta kai kujera. Na ce ɗauki mana, ɗana, duk ɗaya ne."