Ƙwaryar da na faɗa wa sunan 'yata

A rugarmu da ke bayan Gwandu, ba a fara tatsuniya sai an gama tatsa an ɗaure maruƙa. Sai mu kewaye wutar da ake hura wa shanu don korar sauro, hayaƙi yana sa mu hawaye. Kakata Inno ba ta da haƙuri da mai gyangyaɗi, da ƙafa take tashin sa. Ni kuwa surutu ke jawo mini shuri, har ta raɗa mini "mai baki".

Akwai wata tatsuniyar da na tsana, ita kuma ta fi son ta. "Ku matso," in ji ta, "ga marar daɗin nan ta iso."

Wai wata mata ce ta haifi 'yar fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kunya ce. Matar nan kuwa son 'yar ya cika mata ciki. Sai ta samo ƙwarya. Kullum in ta gama aiki sai ta sunkuya a kanta, ta kira sunan, ta faɗi duk abin da ta kasa faɗa, ta rufe da faifai, ta tashi sakayau. 'Yar ta girma tana amsa "ke", tana zaton ba a son ta. Bayan uwar ta rasu 'yar ta ɗaga faifan, sai ga sunanta yana ta fitowa da muryar uwarta.

Na ce, "To ai ta ji, Inno."

"Ta jiya hwa, mai baki. To wa za ta amsa ma? Ƙwarya?"

Na girma, na yi boko, na zama malamar firamare a Kalgo, ina ganin na wuce irin wannan kunyar. Amma da na haifi Asma'u bakina ya ƙi. Shekara ashirin da biyu ni, mai baki, ina ce mata "ke", har aka kai ta gidan miji a Diggi.

Bara wata abokiyar aikina ta sa mini manhaja a waya, irin mai ƙirƙirarriyar basira, wadda kake rubuta wa abin da ke ranka, ita kuma ta yi maka tambayoyi. In yara sun fita hutun tara sai in zauna a aji in rubuta. A nan na fara rubuta sunan. Na faɗi yadda nake leƙen ta tana barci tana ƙarama, da yadda na ɓuya a bayan rumbu na yi kuka ranar da aka tafi da ita.

Ba na ɗora wa manhajar laifi. Sau uku tana tambaya ta, "Asma'u ta taɓa jin wannan daga bakinki?" Na ce sai ta zo babbar sallah. Ta ce, "Me zai hana yau?" Na kife wayar. Gaskiyar magana, rubutun ya riga ya sauke mini nauyin, ban ga abin gaggawa ba.

Wata Laraba Asma'u ta kira ni ta ce, "Inna, kaina ke ciwo tun jiya."

Na ce, "Ke, ki sha magani ki kwanta."

Ranar Juma'a aka yi mata sutura. Saura mako biyu sallah.

Da ina jin haushin Inno don ta ƙi gyara ƙarshen labarin. Yanzu na gane sassauta mana ta yi, don a tatsuniyarta uwar ce ta fara tafiya, 'yar ta samu ta ɗaga faifai. Tawa ƙwaryar tana cikin jakata, cike, mai buɗe ta kuma tana ƙarƙashin ƙasa.

Ranar addu'ar bakwai na buɗe wayar. Abin da na tarar shi ne, "Yaya Asma'u? Kin samu kun yi maganar?" Na ajiye ta, na fito tsakar gida, a gaban goggonnina da duk masu gaisuwa, na kira sunan da ƙarfi, karo na farko. Kowa ya sunkuyar da kai. Na tsaya ina jira a amsa.