Bunsurun Nomau

Marigayi Nomau ɗan Cadawa ne, manomi, mai kiwon jajayen awaki. Bai haihu ba, shi da matarsa Salamatu, kuma abin da ke cin ransa shi ne ya mutu sunansa ya bi shi kabari.

Shekarar da soja suka riƙe mulki kafin zaɓe, wani malamin jami'a mai suna Dalhatu ya zo daga Yamai yana ɗibar jinin awaki don binciken gadon halitta. Ya yaba bunsurun Nomau, ja wur, ba ɗigon fari. Suna shan fura Nomau ya tambaye shi yadda ake gane babban malami a wajensu.

Dalhatu ya ce, "Baba, ƙirgawa ake. Duk wanda ya yi amfani da aikinka sai ya ambaci sunanka a takardarsa. Mai yawan ambato shi ne babba."

Wannan tsari ya kwanta wa Nomau. Ya buɗe ƙofar gidansa, kowa ya kawo akuya barbara kyauta, sharaɗi ɗaya: ranar sayar da 'ya'yan a ce irin Nomau ne. Mutanen kirki suka yi ta rantsuwa, har da waɗanda ba a tambaya ba.

Duk ranar kasuwa sai ya sa rigarsa ta Juma'a ya tsaya wajen dillalai yana kasa kunne. Ko sau ɗaya bai ji sunansa ba: ashe kowa a Cadawa ya gaji jar akuya daga kakansa. Wani ma cewa ya yi ɗan takara ne ya ba shi, shi kuwa ɗan takarar ko kaza bai taɓa kiwo ba. Nomau ya dawo gida, Salamatu ta ce, "Malam, yau nawa aka ƙirga maka?" Ya ce, "Zuba tuwo dai."

Aka yi ta mayar wa bunsurun 'ya'yansa da jikokinsa yana barbararsu, don kyauta ba ta da nisa. Sai aka fara haifar masu dabbaren fari, raunana. Nan take ƙwaƙwalwar gari ta dawo. Daga Agiye har Gazawa, duk akuyar da dillali ya raina sai mai ita ya ce, "Ba laifina ba ne, irin Nomau ce."

Da Dalhatu ya sake zuwa, Nomau ya kai ƙara. Malamin ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya, Baba, a lissafinmu ba a raba yabo da zagi. Ambato ambato ne."

Nomau ya ce, "To na zama farfesa ke nan."

Ya yi dariya, amma a makon nan ya sa aka dandaƙe bunsurun. Bai ƙara zuwa wajen dillalai ba. Bayan girbi zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai taɓa hana maƙwabci komai ba.

Har yau ana kiran akuya mai dabbare 'yar Nomau. Salamatu idan ta je kasuwa ta bayan masu gishiri take zagayawa, don kada ta ji.