Sarbo mai haƙoran ƙarfe

A tashar Gazawa, Rufaida ta bar mota biyu sun tafi, don tun hatsarin da ya rutsa da ita a hanyar Agye gabanta ke faɗuwa in an tada inji. Tana zaune kusa da teburin mai gyaran rediyo, tana kallon wani dattijo.

Dogo ne, da tabon ɗinki daga goshi har kunne. A cinyarsa akwai motar tsere ta wasa mai rimot, ta kai kamu biyu. Mai gyara ya ajiye masa sarbo biyu, wato ɗan injin da ke murɗa tayoyin gaba.

"Baba, wannan haƙoransa roba ne, ya fi sauri. Wancan na ƙarfe ne."

"Ba sauri na tambaye ka ba, ɗana. Wanne ne ba ya sakin sitiyari a kwana?"

Aka ɗaura na ƙarfen. Dattijon yana murza rimot, ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa, tana laluben birki. Rufaida ta ce a ranta direba ne, wanda sitiyari ya taɓa ƙi masa da mutane cike a baya. Ko nawa suka fita da rai, Allah masani.

Tayoyin suka juya hagu, suka juya dama. Ya sake, ya kuma sakewa. Sai ya sunkuya, ya ce wa motar:

"To kin gani? Iyakar abin da na roƙe ki ke nan ran nan."