Ƙamshin da Ya Tsayar da Ni a Bakin Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran waya a wani ɗan shago da ke kan Fordham Road, a Bronx. Shagon ba nawa ba ne. Tebur ɗaya aka ba ni a lungu, tsakanin mai sayar da caja da mai yanka wa mutane tikitin jirgi. Duk wayar da ta faɗa ruwa ko ta fashe a unguwar, a ƙarshe gabana take zuwa, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfina, wato 'yar baƙar ƙwayar nan da ke tsakiyar waya, wadda ba ta fi farcen ɗan yatsa ba, ita ce ƙwaƙwalwarta. In ta mutu, sai dai in ba mai wayar haƙuri.

Ƙanina kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na ba shekara shida, injinan da ke ƙera wannan ƙwaya yake gyarawa. To kun ga inda ciwon yake.

Ni na fara zuwa ƙasar nan. Ni na cike masa takardu, ni na tarbe shi a filin jirgi da rigar sanyi a hannu. Tun muna Kano ni na koya masa yadda ake riƙe ƙarfen narka dalma, a kafa ɗan ƙaramin yatsa a kan tebur don kada hannu ya yi rawa. Shekara biyu ya yi yana kwana a falona yana zuwa kwaleji, ni ina shago. Da ya gama, wani kamfani mai ƙera irin waɗannan injina ya ɗauke shi. Aikinsa shi ne, duk masana'antar da ta sayi injinsu, in ya tsaya ko ya fara shirme, shi ake turawa. Yau yana arewacin jihar nan, jibi yana Arizona, wata mai zuwa a ce yana Taiwan.

Daga nan sunansa ya koma Injiniya. A masallaci, dattawan da suka haife mu suna ce masa Injiniya, ni kuwa "mai waya". In na kira mahaifiyarmu, kafin ta tambayi jikokinta sai ta ce, "Injiniya yana wace ƙasa yanzu?" Ina amsa mata da fara'a, in ajiye wayar, in yi tsaki ni kaɗai. Ba zan ɓoye ba, hassada nake yi masa, irin wadda ke tashi da mutum da safe ta raka shi har bakin aiki.

Shi kuma bawan Allah, in ya zo gidana cin tuwo, kuka yake kawo mini. Ya ce kafin ya shiga inda injinan suke sai ya sa fararen kaya daga kai har ƙafa, gemu a rufe, hannu cikin safa biyu, ido kaɗai ke waje, domin ƙura ɗaya da ido ba ya gani tana iya lalata aikin makonni. Ya ce yakan yi wuni a tsaye, hanci na yi masa ƙaiƙayi ba damar sosawa. In lokacin salla ya yi, sai ya fita ya tuɓe komai, ya yi alwala, ya yi salla a wani lungu, ya dawo ya sake shiri daga farko. In inji ya tsaya, manyan masana'antar sukan jeru a bayansa, kowa agogo yake dubawa. Akwai lokacin da wata 'yar ƙusa ta suɓuce masa cikin inji, ya kwana biyu yana nema. An taɓa kiransa da safiyar Babbar Salla, ya bar mu a filin idi ya kama hanya. 'Yarsa ma a bidiyo ya ga ranar da ta fara tafiya.

"Wallahi Yaya, wani lokaci teburin nan naka nake sha'awa," in ji shi. "Kana rufe shago kana gida."

Ni duk yanga na ɗauki maganar. A raina na ce, ka ji mutum, an ba shi motar kamfani da ɗakin otal da inshorar asibiti, ya zo yana sha'awar teburina.

Ana nan sai kamfaninsu ya buɗe gurbi ɗaya. Mutum suke nema mai kyan hannu, ko da ba shi da babbar takarda, su horar da shi. Ƙanina ya ba da sunana. Na ɗan ja aji, na ce zan yi shawara, alhali a ranar na cike takardar. Na yi intabiyu ta waya na wuce, na yi jarrabawar rubutu na wuce. Muka rage mu uku. Mataki na ƙarshe shi ne a kai mu wata masana'anta a arewacin jihar ranar Talata, a sa mana fararen kayan nan, a shiga da mu ciki, manaja ta ga yadda kowa ke riƙe kayan aiki. A nan kam na san ba mai kamo ni. Ina ganin ƙarshen zaman lungu ya zo.

Ranar Asabar ƙanina ya biyo ta shago, da jakarsa, zai wuce masana'antar domin a can yake aiki makon. Shagon cike yake da mutane, mai caja har ya miƙe yana cewa, "Injiniya da kansa!" Ya ba shi kujerarsa. Ni shekara da shekaru bai taɓa ba ni kujerar nan ba.

"Yaya, akwai 'yan abubuwan da nake so in gaya maka kafin Talata," ya ce. "Musamman maganar shiri, yadda za ka fito daga gida."

Da a keɓe ya faɗa, wataƙila da na saurara. Amma a gaban mai caja?

"Kai, ni za ka koya wa sa kaya?" na ce. "Lokacin da na fara zuwa neman aiki kana ina?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Ɗakin ne ba ya son..."

"Na ce na ji. Je ka kada jirginka ya tashi."

Mutanen shago suka yi dariya, shi ma ya yi murmushi ya ɗauki jakarsa. Daga tasha ya turo mini dogon saƙon murya. Na ga tsawonsa, na ƙi buɗewa. Kamfanin ma ya aiko da takarda mai shafuka da yawa. Na karanta na farko, inda adireshi da lokaci suke, na bar sauran.

Mu dai a gidanmu, mutum ba ya zuwa gaban manya babu ƙamshi. Raini ne. Mahaifinmu ko gaisuwar mutuwa za shi sai ya shafa turare a gemu. Don haka ranar Lahadi na tafi 125th Street wurin wani Banijare mai sayar da turare, na ce ya ba ni wanda ya fi kowane kama jiki.

Ya ɗauko wata 'yar kwalba daga ƙasan tebur. "Wanga, mon frère, ɗan'uwana, kwana ukku ba ya barin mutum. Ka yi wanka, ka sake wanka, yana nan."

Maiɗakina ita ma ta yi nata ƙoƙarin. Ta fito da turaren wutan da aka kawo mata daga Maiduguri, wanda take ɓoyo sai babbar rana. Ta kunna kasko, ta kifa kwando a kai, ta shimfiɗa kwat ɗina da riga da singileti, har safa ba ta bari ba. Ta rufe su da zane suka wuni suna shan hayaƙi. Da safiyar Talata na shafa na Banijaren a gemu da bayan kunne da wuyan hannu. A jirgin ƙasa, muna bin gefen kogi, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce ƙamshina ya yi mata daɗi. Na ji kaina ya ƙara girma.

Ƙanina ne ya fito tarbata a ɗakin baƙi. Tun kafin ya iso gare ni na ga fuskarsa ta canja.

"Innalillahi. Yaya, ba ka ji saƙona ba?"

Bai jira amsa ba, ya ja hannuna zuwa banɗaki. Na sunkuya a kan wurin wanke hannu, ni da nake yayansa, yana zuba mini sabulu a gemu yana cuɗawa. Muka wanke sau uku. Banijaren bai yi ƙarya ba. Ga shi kuma hayaƙin ya riga ya shiga kowane zare na kayana da gashin kaina.

Manajar mace ce mai sanyin magana. Ta gaishe ni, ta ɗan tsaya, sannan ta ce ta yi baƙin ciki amma ba za ta iya shiga da ni ba. Ta yi mini bayani cewa abin da hanci ke ji a matsayin ƙamshi, wani abu ne ke tashi daga jiki ya bi iska, fararen kayan ba sa tare shi duka, in kuma ya sauka a kan faya-fayan da ake ƙera ƙwayoyin a kansu, sun lalace. Ko jan baki da hoda ba a shiga da su. Ta tambaye ni ko takardar ta iso gare ni. Na ce ta iso. Ta ce izinin shigar baƙo yana ɗaukar makonni kafin masu masana'antar su ba da wani, su kuma a makon nan za su yanke shawara. Abin da za ta iya yi mini shi ne in tsaya a barandar baƙi in kalla ta gilashi.

Na tsaya. Ciki fitilu ne masu ruwan ɗorawa, injina kowanne ya kai motar bas, wasu akwatuna suna yawo da kansu a kan layin dogo a jikin silin. Mutane cikin fararen kaya suna tafiya a hankali, ba ka bambance wannan da wancan. Na yi ta neman ƙanina ban gane shi ba, sai da wani ya durƙusa gaban inji ya ɗauki abin kwance ƙusa, ya kafa ɗan ƙaramin yatsa a gefen ƙarfen. Yana nuna wa sauran mutum biyun da muke neman gurbin tare yadda ake yi. Ɗayansu ina kallo, sau biyu abu yana kuɓuce masa. Shi aka ɗauka daga baya. Na fi awa biyu a wurin, ni da ƙamshina, ba wanda ya ce in zauna.

Da na koma gida maiɗakina ta tare ni a ƙofa tana murmushi. Na gaya mata an hana ni shiga saboda turare. Ta dafe ƙirji.

"Shi Injiniya bai san da dokar ba? Me ya hana shi gaya maka?"

"Bai gaya mini ba," na ce.

Haka kawai maganar ta fito, ban shirya ta ba, kuma da ta fito ban mayar da ita ba. Na ji sanyi ma a raina. Ita kuwa ta ɗauka da zafi, don tana ganin hannunta a ciki. Ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta gaya wa mijinta, kafin mako biyu magana ta je Kano ta dawo. Aka ce ƙani ya ji tsoron kada wansa ya shiga kamfani ya fi shi. A masallaci wasu suka daina ce masa Injiniya da irin muryar da. Na lura, kuma na ji daɗi.

Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu da ke zaune a Tompkinsville, shi ne babbanmu a ƙasar nan. Ya kira mu wata Lahadi bayan azahar. Na hau jirgin ruwa na tsallaka, na tarar falonsa da dattawa uku. Ƙanina ya iso daga baya, kai tsaye daga filin jirgi, idanunsa jawur, shatin abin rufe fuska bai gama bajewa a kumatunsa ba.

Kawu bai ɓata lokaci ba. "Mutumin da ya kawo ka ƙasar nan, ya ba ka wurin kwana, ya koya maka sana'a, shi za ka bari ya je ya ji kunya a gaban baƙi? Kalma ɗaya ta gagare ka? Uwarku tana can ba ta barci."

Ƙanina ya ɗago ya dube ni. Sau ɗaya ya dube ni, ya ɗan jira. Wayarsa tana aljihunsa, saƙon yana ciki, da kwanan wata da komai. Tawa ma tana aljihuna. Na sunkuyar da kai ina kallon kafet.

Sai ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Kuskurena ne, Kawu. Ya kamata in tabbatar ya sani. Yaya, don Allah ka yafe mini."

Na so a ce kunya ce ta fara kama ni. Ba ita ba ce. Abin da ya fara zuwa mini shi ne, wato har a nan ma sai ya fi ni? Aikin nasa ne, sunan nasa ne, yanzu kuma halin kirkin ma nasa ne, ni ba a bar mini komai ba. Ban taɓa jin zafinsa kamar lokacin da yake durƙushe a gabana ba.

"To, kai babba, me ka ce?" in ji Kawu.

Duk suka zuba mini ido. Na gyara zama, na yi gyaran murya.

"Ba komai," na ce. "Na yafe masa."

Dattawa suka yi ta sa mini albarka. Aka yi addu'a, aka kawo shinkafa, muka ci a faranti ɗaya ni da shi, yana tura mini nama gabana. Bai taɓa tayar da maganar ba daga ranar, ni ma ban tayar ba. Har yau in 'yan'uwa suka saɓa aka kai ƙara Tompkinsville, Kawu da ni yake ba su misali, ya ce su je Bronx su koyi haƙuri wurin mai waya.