Gwangwanin Yajin Malam Haladu

Duk wanda ya yi aiki da mu a kamfanin roba na Sharada ya san gwangwanin Malam Haladu. Tsohon gwangwanin man shafawa ne, kullum yana aljihun gaba, cike da yajin da matarsa Asabe ke daka masa. Tuwo, biredi, kankana, har shayi sai ya barbaɗa. Kuma duk yajin da ka ba shi ya ɗanɗana, amsarsa ɗaya ce: "Wannan ai na yara ne."

Kun tuna sabon maigadin nan da ya laluba shi a ƙofa? Ya ga jan gari, ya ce kalar kamfani ce aka sato. Haladu ya ce, "To, shinshina." Bawan Allah ya zura hanci. Wallahi muna hawa bas ɗin Ɗorayi yana atishawa!

Da likita ya hana Haladu yaji saboda ciwon ciki, cewa ya yi, "Likita, na kasuwa kake nufi ko na Asabe?"

Shekara talatin yana cika mana baki cewa yaji bai taɓa sa shi hawaye ba, bai taɓa sa shi neman ruwa ba. Ba shi da mota, ba shi da muƙami, wannan ce sarautarsa.

Da za mu ajiye aiki, manajanmu, wani Ba'indiye mai raha, ya ce zai kai mu gidan abincin mutanensu a Bompai. Muka je bayan azahar, Haladu ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Aka miƙo mini takardar abinci. Ni da na tsere daga firamare a aji uku, na riƙe ta ina gyaɗa kai, sai da mai kawo abinci ya juya mini ita, ashe a kife take.

Aka kawo gurasa mai zafi, Haladu ya ce mini, "Tanimu, dubi, har Indiya gurasarmu ta je." Aka kawo shinkafa da miyar kaza. Ya ɗanɗana, ya zaro gwangwani.

"Oga, wannan ai na yara ne."

Manaja ya yi murmushi, ya kira mai dafa abincin, suka yi yarensu. Can sai ga wata miya a ɗan kwanon ƙarfe, ja wur. Ƙamshinta kawai ya sa na ja kujerata baya.

Na ce, "Haladu, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Kai dai ci gurasarka." Ya buɗe gwangwani ya ƙara nasa a kai!

Loma ta farko, shiru. Ta biyu, hula ta koma ƙeya. A ta uku gumi ya jiƙa wuyan babbar riga, sai ga hawaye shar-shar. Ga kofin ruwan sanyi a gabansa, yana kallonsa kamar tsohon abokin gaba. Manaja na kallo, mai dafa abinci na tsaye ya harɗe hannu.

Manaja ya ce, "Malam Haladu, kuka kake?"

Ya share ido da hannun riga. "Mahaifiyata na tuna, Oga. Allah Ya jiƙanta."

Innalillahi! Tsohuwar fa tana nan Challawa a lokacin, garau, tana sayar da daddawa.

Na ga mutumina zai mutu a kan kujerar mutane. Na hango wani a teburin gefe yana shan farin abu a kofi, na ce a kawo irinsa. Ashe kindirmo ne aka dama da sukari. Na tura masa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ɗanɗana mana furar Indiya, ka gaya mana ko ta kai tamu."

Kofi uku ya shanye don ya tabbatar. Sannan ya ce ba ta kai ba.

A hanyar dawowa, cikin adaidaita, ya riƙe hannuna. "Tanimu, ruwa na sha?"

"Ko ɗigo."

"Hawayen fa?"

"Na Iya ne."

Ban faɗa wa kowa ba sai yau, kuma na san da yana nan da ya ce ƙarya nake.

Sau biyu na ga hawayen Haladu a duniya. Na biyun bayan rasuwar Asabe ne. Na je na same shi shi kaɗai a zaure, an ajiye masa tuwo bai taɓa ba, gwangwani a buɗe a tafin hannunsa, saura ɗan kaɗan a gindi. Ya ga na gani, ya yi maza ya goge fuska.

"Yajin nan ne, Tanimu. Ya shiga mini ido."

Na ce, "Ai kuwa yana da ƙarfi."

Bai sake barbaɗa shi ba. Buɗewa yake ya shinshina ya rufe. Ranar da ya rasu muka zo yi masa wanka, a aljihun gaba muka same shi.

Allah Ya jiƙan Haladu da Asabe, Ya sanyaya makwancinsu, Ya shayar da shi ruwan Alkausara. Wannan kam, Haladu, ka sha, ba mai gani.